Haƙori Ɗaya da Juyi Biyu: Tayimin Tsohuwar Mota a Wudil

A ɗauki direban wata tsohuwar Golf da ke jigilar fasinja tsakanin Wudil da Kano. Ranar Alhamis bayan la'asar ya shigar da ita gareji a canza mata tayimin bel, domin an leƙa an ga bayan robar ya fara tsattsagewa. Sharaɗinsa ɗaya ne: a ba shi motarsa kafin magariba, saboda gobe Juma'a kasuwa ke ci, kuma a ranar ce yake samun mafi tsoka daga balas ɗin da zai kai wa mai mota. An cire tsohon bel, an sa sabo, an murza makulli, mota ta tashi bugu ɗaya. Kowa ya yi hamdala, aka biya kuɗin aiki, aka rabu.

Washegari da ya yi lodi ya haye gada, sai ya ji kamar an musanya masa mota. Yana taka totur tana nishi, silonta yana rawa a duk inda ya tsaya, allurar zafi ta ɗan ɗaga fiye da inda ta saba zama, mai kuma yana ƙarewa tun kafin lokacinsa. Ya koma gareji ranar Asabar. Maigidan gareji ya kasa kunne, ya sassauta distiributa, ya murza ta kaɗan har muryar injin ta daidaita. Bayan mako guda aka canza fulogi. Bayan wani makon aka ɗora laifin a kan man da aka sha a wani gidan mai. A duk tsawon lokacin nan ba wanda ya sake buɗe murfin bel, inda matsalar take kwance: giyar sama ta kauce da haƙori ɗaya tak.

Abu mafi sauƙi shi ne a ce bakaniken bai iya aiki ba, kuma masu mota 'yan boko sun fi kowa saurin yanke wannan hukunci. Hukuncin ya yi araha da yawa. Aikin sa tayimin bel kashi biyu ne, sawa da tabbatarwa, amma a tsarin cinikin gareji kashi na farko kaɗai ake biya. Na biyun, wanda bai wuce minti ashirin ko talatin ba, shi ne ke raba injin da zai yi shekara biyar da wanda zai koma hannun 'yan gwangwan, kuma shi ne mai mota yake yankewa da bakinsa idan ya tsaya a kan bakanike yana duba agogo.

Sai an san abin da bel ɗin yake yi kafin a gane nauyin wannan magana. A ƙasan inji akwai karanshaf, sandar da fistin-fistin suke juyawa yayin da suke hawa da sauka. A samansa akwai kamshaf, sandar da ke buɗe bawul-bawul ta rufe su, waɗansu don shigar mai da iska, waɗansu don fitar hayaƙi. Dole ne na sama ya yi juyi ɗaya daidai lokacin da na ƙasa ya yi biyu, ba ƙari ba ragi, kuma bel mai haƙora shi ne amintaccen da ke riƙe wannan alkawari tsakaninsu. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, wanda ba wani gudu ba ne a kan titin Kano zuwa Maiduguri, karanshaf yana kewayawa sau 50 a daƙiƙa guda, kowane bawul kuma yana buɗewa ya rufe sau 25. Asalin irin wannan bel ma ba na mota ba ne. A shekarun 1940 aka ƙirƙire shi a Amurka don keken ɗinki, domin allura da ƙoshiya su riƙa haɗuwa a kan lokaci, sai a 1962 wani ƙaramin kamfanin Jamus mai suna Glas ya sa shi a motar da ake sayarwa ga jama'a. Duk telan da allurarsa ta taɓa bugun ƙoshiya ta karye ya san abin da ke faruwa idan ƙarfe biyu suka iso wuri ɗaya a lokaci ɗaya.

Haƙori ɗaya kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A injin Golf mai bawul takwas, giyar sama haƙoranta 44, ta ƙasa 22. Kauce wa haƙori ɗaya a sama ya fi digiri 8 a kamshaf, wato fiye da digiri 16 a lissafin karanshaf. Wannan bai isa ya hana mota tashi ba, abin da ya sa kuskuren yake da wayo ke nan. Idan kamshaf ya makara, bawul ɗin shiga yana jinkirin rufewa, fistin ya tura wani ɓangare na mai da iska baya, mota ta rasa ƙarfi a ƙananan giya, daidai inda mai lodi yake buƙatarsa. Idan ya riga lokaci, za ta yi kamar tana da kuzari a farko, ta shaƙe idan an buɗe mata titi. A zamanin da litar mai ba ta kai naira 200 ba, direba yana iya haƙuri da irin wannan asara bai ma lura ba. Tun da aka sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, har lita ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, haƙorin da ya kauce ya zama abokin cin ribar da ba a gayyata ba.

Kalmar tayimin kanta tana taimakawa wajen ruɗani, domin abu biyu ake kira da ita a gareji. Akwai tayimin bawul, wanda bel yake riƙewa, akwai kuma tayimin wuta, wato lokacin da fulogi yake tartsatsi, wanda a tsofaffin motoci ake saitawa da murza distiributa. Idan na farko ya karkace, ana iya murza na biyu har muryar inji ta yi daɗi. Kunne zai gamsu, bawul-bawul kuwa suna nan a makare kamar yadda suke. Gyaran gangar auzinawa ke nan, domin yanzu kuskure biyu ne suke rufa wa juna asiri, kuma bakanike na gaba da zai karɓi motar zai gaji duka biyun ba tare da ya san an yi ba. Akwai alama mai sauƙi da ke tona wannan: idan aka ga an murɗe distiributa har ƙarshen raminta kafin mota ta yi silo, to a bar ta, a koma a buɗe murfin bel.

To me ya sa ba za a bi alamomin da kamfani ya buga ba kawai? Ai kowane inji yana da su: ɗigo ko tsaga a giyar sama, wata a fulin ƙasa ko a jikin filawil. A sabuwar mota wannan ya wadatar. A motar da ta shekara 25 ko 30, wadda ta yi rabin rayuwarta a Turai ko Amurka, ta sauka a Kwatano ko Legas, ta ratsa hannun masu ita huɗu ko biyar, alama shaida ce da ake saurara, amma sai an yi mata tambayoyi.

Da farko, alamomin sun fi ɗaya, kuma ba aikinsu ɗaya ba. A filawil ɗin tsohuwar Golf akwai sifilin da ke nuna fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, kusa da shi kuma akwai tsagar saita wuta, 'yan digiri kafin ƙololuwar. A fulin Honda Accord ta shekarun 1990 akwai farar alama ita kaɗai, da waɗansu uku a jere a gefenta waɗanda na wuta ne. Yaron da aka ce ya leƙa da tocilar waya ya faɗi idan alama ta zo, zai faɗi wadda ya fara gani. Sannan fulin ƙasa a injuna da yawa ƙarfe biyu ne da roba a tsakaninsu don shanye girgiza, alamar kuma a kan zoben waje take. Idan robar ta tsufa, zoben yana zamewa ya tafi da alamarsa, sai a saita komai daidai a kan ƙarya. Haka giyar ƙasa: idan an taɓa barin kusoshinta bai ɗauru sosai ba, ɗan makullin da ke riƙe ta a kan karanshaf yana cinyewa, ta riƙa wasa gaba da baya, tayimin ya zama yau daidai gobe a karkace.

Akwai kuma abin da zafin ƙasar nan yake jawowa. A Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, lagireto ya toshe, fanka ta mutu, inji ya tafasa, gasket ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe. Maganin da aka saba shi ne a kai shi wurin masu injin sassaƙa a share fuskarsa ta daidaita. Aiki ne halastacce, amma yana da sakamako biyu da ba kasafai ake faɗa wa mai mota ba. Kan silinda ya ɗan sauko, tazarar da ke tsakanin kamshaf da karanshaf ta ragu, saboda haka kamshaf yana ɗan makara, alamomi su ƙi haɗuwa cif, su tsaya a rabin haƙori. Na biyu, bawul ya ƙara kusantar fistin. Kan silindar da aka share sau biyu ko uku ba shi ne wanda kamfani ya buga wa alama ba. Balle kuma injin da aka haɗa daga gawa biyu a Ƙofar Ruwa, ƙasan na wannan shekara, saman na waccan, murfin bel na wata daban.

Mafi hatsari a cikin alamomin duka ita ce wadda bakanike ya yi da hannunsa. Al'ada ce mai kyau a shafa fenti a jikin giya da bel kafin a kwance. Sai dai fentin yana adana abin da ya tarar ne kawai. Idan motar ta shigo da haƙori ɗaya a kauce daga gyaran shekara uku da suka wuce, fenti zai miƙa kuskuren ga sabon bel da cikakkiyar amana.

Hanyar tabbatarwa ba ta buƙatar na'ura mai tsada. Ana cire fulogin silinda ta ɗaya, a zura doguwar sanda mai tsafta ta zauna a kan fistin, a juya inji da sifana a hankali ana kallon sandar tana hawa. Da yake fistin yana ɗan jinkiri a sama na 'yan digiri, mai kula yakan yi alama inda sandar ta daina hawa da inda ta fara sauka, ya ɗauki tsakiya. Wannan ita ce ƙololuwa ta gaskiya, kuma da ita ake auna alamar kamfani. Sannan a duba kamshaf, domin fistin yana kai wa sama sau biyu a kowane zagaye, sau ɗaya yana matse mai, sau ɗaya yana korar hayaƙi. Wanda ake so shi ne na matsewa, lokacin da bawul-bawul ɗin silindar duk suke rufe. Wanda ya dasa distiributa a kan ɗaya ƙololuwar zai kwana yana buga kik, mota tana tari tana harbi, har batir ya mutu.

Wajen ɗora bel ɗin ma akwai gefen da dole ya miƙe tsaf, wato gefen da karanshaf yake ja, duk saki kuma a tara shi a gefen tenshina. Mafi yawan haƙorin da ke kaucewa a nan yake kaucewa: an bar ɗan saki a gefen ja, alamomi suna daidai a ido, ana ɗaure tenshina kamshaf ya gusa. Kuma sanin gefen ja yana buƙatar sanin inda inji yake juyawa. Yawancin injuna suna bin hannun agogo idan an tsaya ta wajen fuli, amma Honda ta wancan zamani, irin su F22 da F23 na Accord, akasin haka suke juyawa. Hannun da ya saba da Golf da Toyota yana iya ɗaure Honda a baibai ba tare da ya ji ya yi wani abu ba. Waɗannan injunan na Honda suna da ƙaramin bel na biyu mai juya sandunan rage girgiza, kuma ta bayan tana iya nuna alama daidai alhali a karkace take, shi ya sa kamfanin ya bar rami a jikin inji da ake zura kusoshi mai kaurin milimita 6 a kulle ta. Motar da ta fito daga canjin bel tana karkarwa kamar injin niƙa, sau da yawa wannan ramin ne ba a buɗe ba. Peugeot 406 kuma ba ta dogara da ɗigo ba sam: ramuka ta tanada da ake cusa fil a kulle sandunan, wanda ba shi da fil ɗin kuwa yakan koma ga fenti.

Bayan duk wannan sai juyi biyu. A sa sifana a kan karanshaf, a juya inji da hannu cikakken zagaye biyu ta hanyar da yake bi, a dawo kan ƙololuwa, a sake duba kowace alama. Idan bawul zai taɓa fistin, hannu zai ji turjiya ya tsaya, ba abin da ya lalace. Kik ba ya jin turjiya. Juyi biyun nan ne kuma suke nuna ko bel yana tafiya a tsakiyar giya ko yana zamewa gefe yana goga murfi, alamar boris ɗin tenshina ko na famfon ruwa ya kwanta. Wannan shi ne aikin da ba ya cikin ciniki, kuma shi ake tsallakewa idan ladan ya kira magariba mai mota yana tsaye da makulli a hannu.

Girman asarar ya danganta da irin injin, kuma abin mamaki ne yadda mutum zai riƙe mota shekara bakwai bai san nata ba. A waɗansu injuna, hanyar bawul da ta fistin ba sa haɗuwa ko da bel ya tsinke. Toyota Camry mai lita 2.2 ta 1992 zuwa 2001, mai injin 5S-FE, tana cikinsu: za ta mutu a gefen titi, a jawo ta, a sa sabon bel, ta tashi. A waɗansu kuwa, irin Accord ɗin da aka ambata da 406, bawul da fistin wuri ɗaya suke amfani da shi, lokaci kaɗai ya raba su. Idan bel ya tsinke ko ya tsallake haƙora da yawa, fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa shi cikin ƙiftawar ido, gyaran bel ya koma sauke kan silinda, wani lokaci sayen inji. Wannan lissafin kuɗi ne kawai. Injin da ya mutu yayin da ake ƙoƙarin wuce tirela, ko a kan gadar Wudil ranar kasuwa tsakanin manyan motocin shanu, yana tafiya da taimakon birki bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari mai famfo kuma ya yi tauri nan take, da mutum shida a ciki.

Akwai wani tarihi a bayan wannan da ya kamata a yi wa kanikawa adalci da shi. Manyan iyayen gidan da suka yaye masu garejin yau a kan Peugeot 504 suka koyi aiki, motar da ta mamaye titunan Arewa bayan an fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Injinta sarƙa yake amfani da ita, tana cikin baƙin mai, tana daɗewa, idan ta gaji kuma sai ta yi ta ƙara tana ba da sanarwa wata da watanni. A wannan makaranta kunne ne babban kayan aiki, kuma ya cancanci matsayinsa. Bel ba ya sanarwa. Daga baya kamfanoni da yawa sun koma sarƙa, kamar Camry mai silinda huɗu daga 2002 da Accord mai silinda huɗu daga 2003. Sakamakon shi ne motocin bel sun taru a wani rukuni na shekaru, kuma rukunin nan ne yanzu yake hannun direbobin haya, malaman makaranta da ƙananan ma'aikata, mutanen da lalacewar inji ɗaya take iya tsayar musu da komai.

Za a iya cewa duk wannan wa'azin mai ƙoshi ne. Direban da ke neman balas ba zai iya ajiye mota yini guda ba, ba zai iya sayen bel da tenshina da famfon ruwa da oyil-sil a lokaci ɗaya ba, kuma dubban motoci suna yawo da tayimin da aka saita da kunne ba su fashe ba. Akwai gaskiya a ciki, musamman a batun kaya. Amma tabbatarwa ba kaya ba ce, lokaci ce, kuma kuɗinta bai kai na fulogi huɗun da aka saya a banza ba. Wanda ba zai iya canza tenshina ba, aƙalla a juya masa ita da hannu a ji ko boris ɗinta yana gurnani, a duba ko baƙin mai yana tsiyaya daga oyil-sil, domin mai yana cin roba ya zubar da haƙora, sabon bel a kan tsiyaya kuwa kwanansa ƙidayayye ne. Motocin da ba su fashe ba kuma suna biya ta wata hanya, lita bayan lita. Abin da talauci bai tilasta wa kowa ba shi ne zaɓen jajibirin kasuwa ko daren tafiya Azare don wannan aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kuwa mai mota ɗan boko, malamin jami'a ne ko jami'i a makarantar 'yan sanda ko ma'aikacin banki, ba shi da ma wannan uzuri, amma sau da yawa shi ya fi dagula lamarin. Saboda rashin yarda, da kansa yake zuwa ya sayo bel, ya zaɓi mai araha a cikin kwali mai sunan Gates ko Dayco ba tare da ya san na gaske ne ko jabu ba, ya ƙi sayen tenshina don yana zaton ana so a cuce shi. Ba ya ƙirga haƙoran sabo da na tsoho, ba ya duba ko siffar haƙorin ɗaya ce, alhali akwai mai kusurwa akwai mai zagaye kuma ba sa hawa giyar juna. Yana kallo a danna bel da sukuddireba a kan giya, ko a naɗe shi a cusa a aljihu, bai san zaren gilashin da ke cikinsa yana karyewa daga lanƙwasa ɗaya ba. Idan abu ya lalace, bakanike ya ce kayan Alhaji ne, Alhaji ya ce aikin bakanike ne, ba mai ɗaukar alhaki. Kuma mutumin nan yana riƙe da rabin ilmin da garejin ya rasa. Zanen alamomin kusan kowane tsohon inji yana intanet, cikin Turancin da shi yake karantawa cikin sauƙi. Abin da ake buƙata kawai lambar injin da aka buga a jikin ƙarfensa, ABS ko ADZ a Golf, domin sunan da ke bayan but ba ya tabbatar da injin da ke gaba. Mutumin da zai kwana yana kwatanta wayoyi biyu kafin ya sayi ɗaya bai taɓa sunkuyawa ya karanta wannan lamba ba.

Hatta motocin da suke iya faɗin ciwonsu ba a barinsu su yi magana. Waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996, da masu fetur na Turai tun daga 2001, suna da wurin soka na'urar bincike, kuma da yawa cikinsu kwamfutarsu tana kwatanta juyin kamshaf da na karanshaf ta kunna fitila idan sun saɓa. Fitilar da ta shekara tana ci saboda wani dalili daban, ko wadda aka cire ƙwanta kafin a sayar da motar, ba ta da sauran abin faɗa.

Abin da ya sa batun ya fi ciwo a Wudil shi ne garin bai rasa masu ilmin ba. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar tana nan tun 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Dangote a 2022, tana yaye injiniyoyi. Kwalejin fasaha ta gwamnati tana nan. Ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da tsari da shugabanni a faɗin jihar. Injunan da suka cika tashar garin ba su da yawan da zai gagari lissafi. Takarda ɗaya ga kowane inji, da Hausa, mai zanen alamomi, inda yake juyawa, adadin haƙora, da ko bawul yana haɗuwa da fistin, aiki ne da ɗaliban aji ɗaya za su gama a zango guda, su kuma koyi abin da allo bai koya musu ba daga mutanen da suka kwance injin ɗari. A liƙa ta a bangon gareji inda yaran da ke ɗora bel ɗin a zahiri za su gan ta, domin sau da yawa maigida yana zuwa ne a ƙarshe, ya kasa kunne kawai.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannun mai mota tun daga wajen ciniki. Ya kai motar da safe, a ranar da ba ya buƙatarta. Ya ce: «Maigida, kuɗin sawa daban, na dubawa daban, kuma ina so a juya ta da hannu sau biyu a gabana kafin a sa makulli.» Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan, domin karo na farko ke nan da wani ya sa farashi a kan abin da ya sani maimakon abin da ya kwance. Kamfanoni sukan ba bel wa'adi da kilomita ko da shekaru, duk wanda ya riga zuwa, amma wa'adi ba ya aiki ga motar da mitarta ta tsaya ko aka mayar da ita baya kafin ta iso. Saboda haka idan an gama, a ɗauki fentin nan da aka saba shafa wa giya a rubuta a jikin murfin bel: wata da shekara, abin da mita take nunawa idan tana aiki, adadin haƙora, ko an canza tenshina, da ko an taɓa share kan silinda. Motar za ta iya mutuwa wata rana a Gaya ko Birnin Kudu ko Potiskum, a hannun direban da bai san an yi wannan aiki ba, kuma wanda zai buɗe bonet a can zai tarar da rubutun.